Taku Biyu ko Taku Huɗu: Dokokin Mai Babur Ɗin Daji

Daga nesa duk baburan daji kamarsu ɗaya: dogayen ƙafafu, tayoyi masu haƙora, madigadi can sama, kujera siririya mai tauri. A cikin inji suka rabu gida biyu, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a kansu ta mutumin da ya mallaki ɗaya ce yana yi masa hidimar ɗayan. Ga ƙa'idojin. Wanda ya ga sun yi masa tsauri, kuɗin gyara zai fi su tsauri.

Ka san irin injin da ke ƙarƙashinka kafin ka zuba masa ko ɗigon mai. Inji mai taku huɗu, wanda ake rubuta 4T a jikin gwangwanin mansa, fistin ɗinsa na sauka ya zuƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ya tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wuta ɗaya ke nan a kowane juyi biyu na karanshaf. Yana da bawul, da sarƙar tayamin ko sandunan da ke buɗe bawul ɗin, da baƙin mai kwance a ƙasan inji yana zagayawa. Bajaj Boxer da Honda CG125 duk wannan gidan ne. Mai taku biyu, wato 2T, ba shi da waɗannan bawul ɗin. Ƙofofi ne a jikin silinda, fistin da kansa yake buɗe su ya rufe, kuma a kowane juyi ɗaya sai wuta ta tashi. Fetur ɗin na bi ta ɗakin karanshaf kafin ya hau sama, don haka babu inda baƙin mai zai kwanta; sai dai man ya biyo fetur, ya shafi boris da fistin, ya ƙone tare da shi. Shuɗin hayaƙin nan daga nan yake. Duk wanda ya hau tsohuwar Suzuki AX100 ko Jincheng ɗin da aka kwaikwayo daga gare ta, ko ya taɓa tayar da ƙaramin janareton Tiger da ake gauraya wa mai, ya riga ya yi hulɗa da mai taku biyu. Idan ka rasa gane wanda ke gabanka, dubi kan injin: na taku biyu shafal yake, fulogi a tsakar ka, salansa mai tumbi, na taku huɗu kansa dogo ne saboda kayan bawul, bututun hayaƙinsa siriri.

Kada ka auna ƙarfi da lambar cc kaɗai. A gasar baburan daji, 125 mai taku biyu da 250 mai taku huɗu aka haɗa aji ɗaya, 250 mai taku biyu kuma da 450. Wannan rabo shi ya juya kasuwar duniya. Har tsakiyar shekarun 1990 masu taku biyu ke mulkin fili. A 1997 Doug Henry ya ci tseren Las Vegas a kan wani Yamaha mai taku huɗu na gwaji, a 1998 ya ɗauki kambun Amurka a kan YZ400F, sauran kamfanoni suka bi sahu, har Honda ta daina ƙera jerin CR masu taku biyu bayan 2007. Abin da ya shafe ka a wannan tarihi ɗaya ne: wanda ya ce maka "ai ɗari biyu da hamsin ne kawai" alhali YZ250 mai taku biyu yake nuna maka, bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa ya sani yana so ya rabu da shi kafin ya karya shi.

Kada ka zuba baƙin man mota ko na 4T a cikin fetur ɗin inji mai taku biyu. Na san haka ake yi wa janareto a kowace unguwa, kuma na san abin da za ka ce, wai ai yana tashi. Yana tashi, amma wannan man ba a yi shi don ya ƙone ba. Toka yake bari a kan fistin, ya liƙe ringi a raminsa, ya toshe ƙofar hayaƙi, ya kashe fulogi. Ka nemi man 2T, ka juya gwangwanin ka ga an rubuta JASO FC ko FD. Man injin kwale-kwale mai alamar TC-W3 shi ma a bar wa masunta, don injin da ruwan kogi ke sanyayawa aka yi shi.

Ka auna man da ma'auni. Murfin gora ba ma'auni ba ne, idonka ma haka. Littafin babur ɗinka zai faɗi rabon, kuma lissafin ba wuya: 50:1 na nufin mililita 20 a kowace lita ta fetur, 40:1 mililita 25, 32:1 kuwa kusan mililita 31. Sirinji babba daga kantin magani ta isa. A galan ake gaurayawa, a girgiza sosai, sannan a juye a tanki. Wanda ya fara zuba man a tankin da babu fetur, man zai gangara kai tsaye cikin kabureta. Kuma kada ka ce bari ka ninka man don tausaya wa inji. Ramin da fetur ke bi a kabureta bai ƙara faɗi ba. Idan mai ya cinye wani kaso na wurin, fetur ya ragu, wutar ta ƙara zafi ke nan, ga kuma fulogi da zai jiƙe.

Kada ka bar bakanike ya cire famfon man 2T don kawai bai iya saita shi ba. Babura irin su Yamaha DT125 da AG100 suna da ƙaramin tanki na daban da famfon da ke auna man gwargwadon yadda ka murɗa totur. Yamaha na kiran tsarin Autolube, Suzuki na kiran nata CCI. Al'adar garejinmu ita ce da an ga hayaƙi ya yi yawa sai a yanke tiyon a ce "ka riƙa haɗawa a tanki, ya fi kwanciyar hankali". Kwanciyar hankalin na ƙarewa ranar da ƙaninka ya ari babur ɗin ya sha mai a hanya bai haɗa komai ba. Ƙari a kan haka, a wasu tsofaffin injinan Suzuki famfon ne ke kai mai kai tsaye cikin boris ɗin karanshaf, cire shi kisa ne a hankali. Idan tankin man ya taɓa ƙafewa, a fitar da iskar da ta shiga tiyon kafin a tashi.

Kada ka manta da man giya. Mai taku biyu na da nasa a ɗaki daban, ba ya ƙonewa, kuma shi ma yana tsufa.

A mai taku huɗu kuwa, kada ka ɗauka duk baƙin mai ɗaya ne. A yawancin babura kuloci a cikin man injin yake wanka. Man motocin zamani na ɗauke da sinadarin ƙara santsi, da ya shiga sai kuloci ya fara zamewa, inji na kuka babur ba ya gaba. Alamar da za ka nema ita ce JASO MA ko MA2.

Kada ka sayi babur ɗin tsere don zuwa gona, ko kai allurar rigakafi ƙauye, ko bin shanu. A nan aka fi yin kuka, don haka bari in tsaya. Honda CRF450R, Yamaha YZ250F, KTM 450 SX-F da 'yan uwansu suna da taku huɗu kamar Boxer ɗinka, amma dangantakar ta tsaya a nan. An ƙera su ne su yi minti talatin da ɗoriya suna ihu a fili, sannan a kwance su a duba. Na 250 ɗin na juyawa fiye da sau 13,000 a minti. Baƙin man da ke cikinsu wajen lita ɗaya ne, kuma littafinsu da awa yake lissafi: a canza mai bayan awa 10 zuwa 15 na aiki, a auna bawul, a canza fistin tun bai nuna gajiya ba. Tankinsu lita 6 ne zuwa 7, babu fitila, babu makulli, babu jigon tsayawa, babu wurin ɗaura buhu. Suna kuma son fetur mai lambar oktan 95, alhali wanda ake sayarwa a gidajen manmu wajen 91 yake, balle na 'yan bumburutu da ba ka san me aka tsarma a ciki ba. Idan irin wannan inji ya buga, bawul ya haɗu da fistin, kan silinda ya tafi, kuɗin kayan da za a yo oda daga waje ya isa ya saya maka sabon babur na aiki. Wanda ke da fili da kuɗi da bakaniken da ya san aikinsa, bismilla. Saura su kau da kai.

Don aiki, ka nemi mai taku huɗu mai sanyin hali wanda iska ke sanyayawa: Yamaha AG200 ko XTZ125, Honda XL125 da XR, ko Suzuki DR200. AG ɗin an yi shi ne don makiyayan Ostareliya da New Zealand, sarƙarsa a rufe cikin akwati, da wurin ɗaura kaya gaba da baya, shi ya sa ƙungiyoyin lafiya da ma'aikatan gona a ƙasashen Afirka da dama suka riƙe shi. Ba ya burge kowa a bakin titi. Yana tafiya dubban kilomita tsakanin canjin mai, yana haƙuri da fetur maras kyau, kuma bawul ɗinsa da sifana da sukudireba ake saitawa, abin da yaron gareji a kowace kasuwar ƙauye ya iya.

Kada ka sayi mai taku biyu sannan ka zo kana ƙorafin shan mai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai ɗan lokacin da ƙofar shiga da ta fita ke buɗe tare, wani kaso na ɗanyen fetur na bin hayaƙi ya fice bai yi aikin komai ba. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a 2023 wannan lissafi ya ƙara nauyi, ga kuɗin man 2T a kai. Abin da kake samu a madadin haka shi ne rashin nauyi da sauƙin gyara. YZ125 mai taku biyu da mai a tanki kilo 95 ne, Suzuki DR650 mai taku huɗu kuwa ya haura kilo 160, kuma bambancin sai ranar da babur ya kwanta a kwazazzabo kai kaɗai za ka san shi. Canza fistin da ringi a mai taku biyu aikin yini ɗaya ne a gindin bishiya, kayan kuma kaɗan ne. Shi ya sa a gasar hawan duwatsu irin ta Erzberg a Ostiriya har yau masu taku biyu na 300 daga KTM, Husqvarna, GasGas, Sherco da Beta ne ke cika sahun gaba.

Doguwar tafiya a buɗaɗɗen fili ta mai taku huɗu ce, kada ka yi gardama. Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko a 1979 a kan Yamaha XT500, silinda ɗaya, taku huɗu, iska ke sanyaya shi. Tseren ya sha ratsawa ta Agadas da hamadar Tenere, har Yamaha ta sa wa babur ɗinta na 1983 sunan wannan hamada, sunan da take amfani da shi har yanzu. Tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008, yanzu a Saudiyya ake yi, kuma baburan da ke shiga duk 450 ne masu taku huɗu. Dalilan ba su canza ba: mai ya kai ka rijiya ta gaba, inji ya jure awa da awanni a gudu ɗaya.

Kada ka rufe totur ɗin mai taku biyu ka bar shi cikin giya yana gangara doguwar gangara. Idan a tanki kake haɗa mai, rufe totur rufe mai ne. Taya na juya inji da sauri, fistin na gogar silinda a bushe. Ka kama kuloci, ka riƙa ɗan murɗa totur jefi-jefi, ka dogara da birki. Mai taku biyu ba ya riƙe kansa a gangara kamar mai taku huɗu, wanda da ka saki totur sai ka ji kamar an ja shi ta baya. Mai sauka daga tsaunin Mambila ko gangaren Jos ya riƙe wannan da kyau. Haka nan wanda ya saba da mai taku biyu ya koma 450, ya yi hattara da sakin totur farat ɗaya a cikin yashi, don gaban zai nutse.

Kada ka tashi inji da sanyin safiya ka fizge shi nan take. Fistin ya fi silinda saurin ɗaukar zafi, yana kumbura kafin ita, sai ya cije. Ka ba shi 'yan mintoci har ka ji ɗumi a jikinsa.

Matatar iska: ka wanke, ka shanya, ka shafa mata mai, ka mayar da ita daidai. A ƙasarmu ƙura ta fi gudu kashe inji. Soson matatar ba ya kama komai idan a bushe yake, man da ke jikinsa ne ke riƙe ƙurar. A lokacin hunturu, ko idan kana bin bayan wasu a hanyar burji, duba shi kullum bai yi yawa ba. Ka shafa giris a bakin da ya zauna don kada iska ta sato hanya ta gefe. Kada ka murɗe soson kamar wanki, matse shi ake yi. Kada ka huda akwatin wai don inji ya sha iska. Ƙurar da ta wuce tana cin ringi a mai taku biyu, a mai taku huɗu kuma tana cin bakin bawul har ya nutse, gibinsa ya rufe. Alamar farko ita ce babur ya fara wuyar tashi da safe. Mutane sai su yi ta canza fulogi da batir, alhali ma'aunin gibin bawul ya kamata a ɗauko.

Kada ka taɓa tumbin salansar mai taku biyu. Wancan kumburin rabin injin ne. Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ na Jamus ta Gabas, shi ya gyara dabarar a shekarun 1950: amon fashewar wuta na tafiya cikin bututun, faɗin ya taimaka ya zuƙo hayaƙi, ƙuncin da ke gaba ya dawo da amon baya ya tura ɗanyen fetur ɗin da ya tsere ya koma silinda daidai lokacin da ƙofa za ta rufe. Da direban MZ Ernst Degner ya gudu daga Jamus ta Gabas a 1961, ilimin ya bi shi zuwa Suzuki, wadda ta ci kambun duniya na ajin 50 a shekarar da ta biyo. Kai kuma ka kai wa mai walda ya yanke ya liƙa maka bututun ruwa don ƙara. Lotsawa babba a tumbin na rage ƙarfi, a gyara ta. Cire hancin salansa a mai taku huɗu ma ba ya ƙara maka komai sai jinin maƙwabta da ya hau, ga shanun mutane da kake firgitawa.

Wannan tumbin ne kuma ke sa mai taku biyu na tsere ya zama maƙetaci ga ɗan koyo. A ƙasa lakwas yake, sai juyin inji ya kai inda bututun ke aiki, ƙarfin ya zo gaba ɗaya, tayar gaba ta tashi. Kada ka ɗora yaro a kan 85 don ka ga lambar ƙarama ce. Na gasa ne. A fara masa da PW50, ko CRF110F, ko TT-R, da hular kwano da takalmi mai rufe ƙauri.

Ka yi tunanin lagireto kafin ka so shi. Injin da ruwa ke sanyayawa ya fi ƙarfi kuma zafinsa a daidaice yake, amma yawancin na tsere ba su da fanka, a tafiyar hawainiya cikin yashi ko taɓo sai ruwan ya tafasa. Faɗuwa ɗaya a kan dutse ko kututture na iya fasa shi nesa da gari. Kada ka cika shi da ruwan rijiya, kanwar da ke ciki na toshe hanyoyin. Wanda iska ke sanyayawa kuma kada ka bar laka ta bushe a tsakanin haƙarƙarinsa, kada ka bar shi yana aiki a tsaye ƙarƙashin ranar Afrilu kana hira.

Kabureta ko na'urar fesa mai? Na'urar na gyara kanta idan ka hau tudu ko sanyi ya sauko, har masu taku biyu na KTM sun samu irinta tun 2017. Sai dai tana buƙatar famfo mai lafiya, wuta mai ƙarfi, fetur mai tsabta, da kwamfutar duba laifi. Idan man kwalba kake sha a bakin hanya, ka zauna a kan kabureta, ka sa ƙaramar matata a tiyon fetur, ka tace man da ƙyalle mai tsabta. Ka kuma san cewa saitin Sakkwato ba zai yi daidai a Jos ba, mai tsayin wajen mita 1,200: iska ta yi ƙaranci, fetur ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi. Wanda aka saita a tudu aka sauko da shi ƙasa ya fi haɗari, don fetur ne zai yi ƙaranci, kuma mai taku biyu ba ya yafe wannan.

Idan babur ya nutse a rafi da damina, kada ka taka kik, kada ka danna sitata. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Ka cire fulogi, ka zubar da ruwan akwatin iska da na salansa da na kabureta. Mai taku biyu a kifa shi tayoyi sama, a sa giya a juya tayar baya har ruwan ɗakin karanshaf ya gama fita. Mai taku huɗu a duba baƙin mansa. Idan ya koma kalar koko, a canza, a ɗan tayar, a sake canzawa har ya fito garau.

Kada ka shiga daji da irin wannan babur ba ka tambayi dokar wurin ba. Jihohi da dama a arewa maso yammacin Nijeriya sun sha taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga, haka aka yi a Diffa da Tillaberi a Nijar. Takardunka su kasance a jikinka, mai gari ya san da zuwanka.

Kafin ka biya kuɗin na hannu, ka fara zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi fistin, ringi, gaskit da faifan kulocinsa. Idan sai an aika Nnewi, da sauƙi. Idan sai an yo oda daga Turai, ka lissafa watannin da zai yi a jingine. Ka je ganinsa da sassafe, ka taɓa injin ka tabbata ba a ɗumama shi kafin ka iso ba. Ka cire soson iska ka shafa yatsa a bututun da ke bayansa, in ka ji ƙasa-ƙasa, injin ya riga ya sha. A mai taku biyu ka kwance salansa, ka haska tocila ta ƙofar hayaƙi, za ka ga gefen fistin da ringi da idonka; zane-zane a tsaye alamar ya taɓa cijewa ce. A mai taku huɗu ka saurari kan injin ko sarƙar tayamin na kaɗawa, ka tambayi ranar da aka auna bawul da abin da aka samu. Idan mai shi ya ce ba a kwance masa komai sai an biya, ka yi masa sallama ka tafi.